Duwatsu Uku a Ƙarƙashin Babur

Shekara goma sha tara ina gyaran babura a Gurda, wata unguwa a garin Sabha, ba wanda ya taɓa ɗaukata hoto ina aiki. Mutum zai turo babur ɗinsa a mace, in tayar masa, ya hau ya tafi, ko fuskata bai duba ba. Hotona ɗaya ne a duniya, na jikin takardar shaida, wanda na fito kamar ɓarawon akuya. Shi ya sa ranar da aka ɗauke ni a cikin duwatsu na yi rawar kai irin wadda ba ta dace da mai furfura ba. Na faɗi wannan tun farko don kada wani ya ce ina wanke kaina.

Mai garejin da nake wa aiki Balarabe ne, mudir muke ce masa. Shi da abokansa huɗu suna da manyan babura, kuma duk shekara idan sanyi ya shigo sai su tafi yawon duwatsu can bayan Ubari, kwana biyar ko shida. Ba fatauci, ba ziyara, yawo kawai. Mu mun ratsa hamada don mu samu abin sawa a baki, su kuma suna shigarta don sun ƙoshi. A shekarar da nake magana makaniken da suka saba tafiya da shi ya karye a hannu, sai mudir ya ce in ɗauki jakar kayan aiki in hau ƙaramin babur in bi su. Akwai mota mai buɗaɗɗen baya da ke biye da mu da fetur da ruwa da jak, wani Buzu ɗan Ubari ke jan ta, shi ne ya san hanya.

Rana ta uku, kafin azahar, muka shiga wani kwari tsakanin baƙaƙen duwatsu biyu. Mashigar ta yi wa mota ƙunci, sai Buzun ya ce zai zagaya ya tarar da mu a gaba. Ba mu yi nisa ba dutse ya yanka tayar gaban babur ɗin mudir. Irin waɗannan babura ƙafar jingina kawai gare su, in za ka cire tayar gaba sai ka ɗaga injin a kan wani abu. Jak yana mota, mota kuma ba ta nan, mudir yana tsaye a kaina yana duba agogo.

Na waiga, sai na ga tarin duwatsu a gindin dutsen, a jere, ba su da tsayi, amma suna da tsawo. Na je na kusa na ɗebo uku masu faɗi. Na saman yana danne da hannun wani bido, wato jarkar ruwa, wanda aka ɗinke da buhu. Ina ɗaga dutsen iska ta gangarar da bidon. Ba murfi a bakinsa. Yana tsayawa sai ya fara kuka, wani irin huuu mai kauri, kamar mutum yana nishi a cikin rijiya. Ya yi, ya tsaya, ya sake.

Na san mene ne ko ban sani ba? An tambaye ni, ni ma na tambayi kaina. Ni na ratsa hamada a saman babbar mota, na ga irin wannan tarin da idona, na ma sa hannu an tara wani. Amma ranar sai na ce wa kaina alamar hanya ce, irin wadda direbobi ke yi. Na faɗa a raina sau ɗaya, ban sake waiwaya ba. Na jera duwatsun ƙarƙashin injin, na cire taya, na yi faci. Ina durƙushe mudir ya kira ni, na ɗaga kai, ya ɗauka. Ya nuna mini: ga ni da kile, wato sifana, a hannu, ina dariya, baƙin dutse a bayana, sama shuɗiya. Wallahi na yi kyau.

Da Buzun ya iso bai kashe mota ba. Larabawa sun riga sun fiddo butar shayi, ya ce ba a nan ba, a gaba akwai inuwa. Na ga ya ɗaga tafin hannunsa kaɗan a kan sitiyari ya shafa fuska. Ban tambaye shi ba. Muka tafi muka bar duwatsun a jere yadda na jera su.

Gidan da muke zaune a Gurda mu kusan ashirin ne, yawanci 'yan Nijar, da 'yan Najeriya kaɗan. Ranar Juma'a ba shugul, wato ba aiki, in an sauko daga masallaci sai a ci shinkafa a tsakar gida a ɗora shayi. Juma'ar da na dawo ni ne sarki. Na fiddo waya ina nunawa: ga dutsen da ya yi ƙofa kamar ginin mutum, ga zanen raƙuman dawa da shanu a jikin dutse inda yau ko ƙadangare ba ya rayuwa, ga rairayi ja kamar manja. Na ƙara gishiri, ban musu. Na ce na yi gudun da har hawayena suka bushe a kunne. Wani Bakano mai sayar da takalma ya ce ashe yawon buɗe ido na je, shi ya zaci kai ni aka yi a matsayin jakin kaya. Na ce ko jaki ne dai ya ga abin da Bakano bai gani ba, shi da iyakarsa bakin kasuwa. Aka yi dariya. Sannan na buɗe hotona, waya ta fara yawo hannu zuwa hannu.

Ta je hannun tsohon magini.

Wannan tsoho mutumin wajen Tasawa ne, ya girme ni da kamar shekara ashirin, kowa Baba yake ce masa. Shekara huɗu kafin wannan rana babban ɗansa, shi ma magini, ya taso daga gida zai zo ya same shi. Ya kira daga Agadas ya ce gobe za su tashi. Daga nan shiru. Duk baƙon da ya sauka a Sabha sai tsohon ya je ya tambaye shi, har mutane suka fara kauce masa. Ɗan ya bar mata da 'ya'ya biyu a gidan tsohon, ita ba matar aure ba, ita ba gwauruwa ba. Danginta sun sha aiko masa cewa a je gaban alƙali a raba auren ta samu ta yi gaba, shi kuma ya ce ba zai kashe ɗansa da baki ba sai ya gani. Duk gidan mun san wannan. Shi ya sa ba a zancen hamada in yana kusa, sai ni da bakina ranar.

Ya daɗe yana kallo. Ya sa yatsu zai buɗa hoton, amma siminti ya cinye masa fata, gilashin bai ji shi ba. Ya miƙo mini ya ce in ƙara girma. Na buɗa a kan fuskata. Ya ce ba nan ba, baya. Na matsar. Ga bidon kwance a rairayi, buhun ya koɗe ya yi fari, amma a hannunsa akwai kitso na jar fata, igiya uku.

Wanda bai ratsa ba bai san wannan ba. Kowa yana ɗinke bidonsa da buhu don ruwa ya yi sanyi, kuma kowa yana sa masa alama, don a saman mota bido ɗari ne a rataye, duk kama ɗaya. Wani ya rubuta suna, wani ya ɗaura tsumma. Idan mutum ya mutu a hanya, abokan tafiya sau da yawa ko sunansa ba su sani ba. Sai a tona abin da ya samu, a rufe, a danne da duwatsu saboda dila, a ɗora masa bidonsa a kai a danne. Bidon shi ne sunansa.

Tsohon ya ce shi ya yi wannan kitson da hannunsa, zuwansa gida na ƙarshe, da ragowar fatar da ya gyara gafakar allonsa. Bai ɗaga murya ba. Shayi yana tafasa yana zuba a gawayi ba wanda ya sauke. Bakanon ya ce ai jar fata ta yi yawa a duniya, Baba. Tsohon bai ko dube shi ba. Ya sa na mayar da hoton ƙasa, wajen injin.

"Makanike, duwatsun nan uku, ina ka samo su?"

"A ƙasa na tsince su, Baba."

Ya ce to. Ya miƙo mini wayata da hannu biyu, ya tashi ya shiga ɗaki.

A gareji muna da jarkokin mai da babu kome a ciki, a jibge a bayan ƙofa. Shekara da shekaru suna nan, ban taɓa jin sun yi motsi ba. Daga wannan makon, in hantsi ya yi iska ta biyo lungu, sai in ji huuu a bayana. In na waiga shiru. Na bi su ɗaya bayan ɗaya na toshe bakinsu da tsumma. Kwana biyu ban ji ba, rana ta uku na ji. Na tambayi wani mai kawo mana kaya ko ya ji wani abu, ya ce ya ji cikina yana kuka, in je in ci abinci.

Shi kuwa tsohon, kullum in ya tashi daga aiki da la'asar sai ya biyo ta gareji, da farin siminti a girarsa. Ya yi sallama, ya zauna a kan tsohuwar taya a bakin ƙofa. Bai taɓa cewa ka kai ni ba. Bai taɓa cewa ka yi ƙarya ba. Sai ya zauna yana kallon hannuna har in rufe, mu taka tare zuwa gida. Da zagina ya yi da na ji daɗi, na iya zagi, na iya ramawa. Zaman nan ne ban iya ba. Har na fara jin haushinsa, ina cewa a raina ni na aiki ɗansa hamada? Ni na tuƙa motar? A ranakun ne kuma matata ta kira daga gida, ta ce ta kai hoton an wanke mata shi babba, an sa a gilashi, ta rataya a ɗaki, maƙwabta suna shigowa kallo.

Sati uku na yi. Sannan na sami mudir na gaya masa inda muka yi faci da abin da ke wurin. Ban gaya masa inda na ɗebo duwatsu ba. Ya fiddo wayarsa ya goge hotunan wurin a gabana, ya kira Buzun, ya ce in ɗauki kwana huɗu. Mutumin kirki ne ta wannan fannin, ba zan hana shi ba, ko da yake ta wasu fannonin ina da magana.

Muka tashi bayan asuba, ni da tsohon, muka wuce bawwaba uku, wato shingen masu bindiga, kowanne sai an sauke mu an juya takardunmu. A Ubari Buzun ya ɗauke mu. A hanya na tambaye shi me ya sa bai yi magana ba ranar. Ya ce shi ya zaci na sani, don duk wanda ya shigo ƙasar nan ta kudu ya sani. Ya ce ba babbar hanya ba ce, masu gudun shinge ne ke bi ta can, in mota ta mutu a wurin ba mai wucewa.

Washegari da hantsi muka bar mota a bakin mashigar muka shiga da ƙafa. Tun kafin mu ga kome muka ji shi. Huuu. Tsohon ya tsaya cak. Buzun ya ce iska ce. Tsohon ya ce ya sani.

Duwatsuna uku suna nan a jere a tsakiyar kwari, da baƙin mai a kan na sama, har shatin yatsuna. Sawun baburanmu duk ya shafe, su kaɗai ne tsaye kamar jiya na tashi. Bidon kuwa iska ta kai shi can nesa, ta cusa shi a wata tsaga, bakinsa yana kallon mashigar. Tsohon ya je ya zaro shi, ya juya hannun, ya shafa kitson da babban yatsa. Bai yi kuka ba. Ya rungumo shi ya dawo, sai ya tsaya a gaban tarin duwatsun.

Bakwai ne. Ranar farko ban ƙirga ba. Bakwai, a jere, duk sun kwanta ta fuska ɗaya. A nan muka ajiye babura, a nan aka fiddo butar shayi.

Ya bi su da ido daga na farko zuwa na ƙarshe, ya sake dawowa. Bidon yana hannunsa, ba ya kan kowa. Wanda ya raba shi da mai shi yana tsaye a bayansa yana kallon ƙasa. Na ga in na yi shiru, tsohon nan zai koma da bido kawai, a ce masa ai bido yana faɗuwa daga mota, mai shi ya wuce. Ya ci gaba da tambayar baƙi har ya mutu, yarinyar can ta tsufa a gidansa.

Na ce, "Baba, na ƙarshen ne. Daga kansa na ɗebi duwatsun. Na saman shi ke danne da bidon. Ni na ɗaga."

Bai juyo ba. Ya ce, "Tun a hoto na gani. Dutsen da aka tsinta a ƙasa rairayi ke ƙarƙashinsa. Naka zaɓaɓɓu ne, an taɓa tara su."

Na jira sauran, bai zo ba. Ya ajiye bidon, ya koma kan na farko ya tsuguna. Ya daɗe yana duba yadda aka ɗora duwatsun, ya sa hannu ya girgiza ɗaya, bai motsa ba. Ya matsa na biyu, na uku. Ni ban ga kome ba sai duwatsu. Da ya gama na shida sai ya kira ni, ya nuna mini: manya a gefe, kowanne dutse ya hau kan gaɓar biyu na ƙasa, an cusa ƙanana a tsakani. Ya ce haka ya koya wa ɗansa tun yaron yana ɗauko masa laka. Ya ce shidan nan duk hannun ɗansa ne. Na farko ya fi kyau, na shida duwatsun sun ƙanƙance, ka ga ƙarfi ya fara ƙarewa, amma gaɓa ba ta hau kan gaɓa ba ko sau ɗaya.

Na bakwai kuwa zubawa aka yi kawai, kamar an juye kwando. Ga gurbin ukun da na cire, rairayi ya cika su. Ta gefen ƙafa wani abu ya fara tono ya bari. Ban san ko kafin zuwana ne ko bayan tafiyata ba, kuma ban tambaya ba.

Buzun ya ce wanda ya rufe na bakwai fa, yana ina? Muka duba kwarin, sama da ƙasa. Ba na takwas. Can gaba kaɗan akwai duwatsu biyar ko shida da aka tara wuri ɗaya, ba a ɗora su a kan kowa ba.

Tsohon ya cire rigarsa ya ninke. Ya ce ɗansa ya yi wa mutum shida aikin ƙwarai, ba zai kwana ƙarƙashin aikin banza ba. Buzun ya matso zai taimaka, ya ce a'a, makanike zai ɗauko. Na ɗauko. Daga hantsi har rana ta karkata ina jido, in na kawo ya juya dutsen a hannu, ya karɓa ko ya ce in mayar. Ya mayar da ni da dutse ya fi sau ashirin. Bayana har yau bai koma daidai ba. Ban ce uffan ba, ni da ba a gaya mini magana ɗaya ban mayar da biyu ba.

Da ya rage kaɗan sai ya ce in kawo ukun. Na ɗauki rairayi zan goge baƙin man, ya ce in bari. Ya jera biyu, ya yanke kitson fatar ya sa a aljihu, ya yagi gefen rawaninsa ya toshe bakin bidon tam, ya kwantar da shi, ya ce in ɗora na ukun da hannuna. Na ɗora. Shatin yatsuna yana sama.

Iska ba ta daina ba, amma kwarin ya yi shiru. Muka yi musu addu'a su bakwai, muka yi azahar da la'asar a haɗe, muka fita.

Waya ba ta kama ba sai dab da Ubari. Ya sa na buga masa lambar gida, ya ce a ba surukarsa. Ina zaune kusa da shi, na ji abin da ya ce. Ya tambayi yara. Sannan ya ce, "'Yata, na ga wurin, na gyara masa. Ki yafe mini tsare ki da na yi. Ki aika a kira malam, zai gaya miki abin da ya rage." Can na ji muryarta ta tashi, ya ɗauke wayar daga kunne ya riƙe a cinya har ta lafa.

Bai yi wata biyu ba ya tattara ya koma gida. Ranar tafiyarsa ya biyo ta gareji ya ba ni hannu, ya ce in ba don hotona ba da bai gani ba. Ya faɗa kamar godiya. Ni ban san me zan yi da ita ba, har yanzu tana nan inda ya ajiye ta. Bakanon ya daina tsokanata da zancen jaki, abin ma ya fi ciwo.

A bana mudir ya sake cewa in bi su, na ce bayana. Na goge hoton daga wayata, amma na gida yana nan. Sau biyu na ce wa matata ta sauke shi, ta ce don me, shi kaɗai ne yara ke gani su san suna da uba. Ban gaya mata ba. In ta kira da hoto mai motsi nakan hango shi a bangon bayanta, ga ni ina dariya da kile a hannu, babur a ɗage, ga wani ɗan farin abu kwance a rairayi ta bayan kafaɗata. Ita ta ce ta zaci tunkiya ce.

Jarkokin gareji har yau a toshe suke. In sabon ma'aikaci ya cire tsumman nakan mayar, in ya tambaya in ce saboda ƙura.